Muƙabala Tsakanin Asali da Gini: Sharaɗin da Ya Kamata a Gindaya wa Masu Kawo Mana Manhaja

Tun daga watan Yulin 2004, lokacin da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Nijar, aka kuma ɗora wa garuruwa irin su Kelle, wadda ke gindin duwatsun Kutus a arewacin Gure, nauyin riƙe rajistar haihuwa da ta aure da ta mutuwa tare da lissafin harajinsu, ba a fasa yi wa talakawa albishir ba cewa wata rana za a naɗe manyan littattafan nan masu shan ƙura a zuba abin da ke cikinsu a kwamfuta. Da aka kafa hukumar ANSI a Yamai a 2017 kuwa, aka shiga zancen kai intanet ƙauyuka, sai albishir ɗin ya ƙara kauri. Ni ba na cikin masu ƙin wannan al'amari, domin duk wanda ya taɓa ganin uba ya yini a ƙofar ofis ana juya masa shafi bayan shafi ana neman sunan ɗansa, ba zai yi wa takarda kuka ba ranar da za a sallame ta. Abin da nake so in jawo hankalin mahukunta da masu ba da kwangila gare shi wata mas'ala ce da ake ɗauka ta masu sana'a ce kaɗai, alhali kuwa a kanta amanar dukan aikin ta rataya, wato tabbatar da cewa manhajar da ke gudana a cikin na'ura ita ce ainihin wadda aka gina daga rubutun da aka nuna mana, babu ƙari babu ragi.

Kowace babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, ko Windows ce, ko Linux, ko Android da ke cikin wayar aljihu, sura biyu gare ta. Akwai asali, wato rubutun da mutane suka tsara layi bayan layi, wanda mai ilmin abin zai karanta ya ce nan an dace, nan an kuskure. Akwai kuma gini, wato abin da ke fitowa bayan an bi da wannan rubutu ta cikin wata manhaja mai juya shi zuwa lambobin da na'ura ke aiki da su. Na'ura ba ruwanta da asali, gini take bi. Mutum kuma asali yake dubawa, don gini ba ya karantuwa gare shi sai da wahala mai tsanani. Saboda haka duk wani bincike da masana za su yi, da duk wani gyara da za su saka, a kan asali yake faɗawa, kuma ba ya amfanar mai zama gaban na'ura da ƙwayar zarra sai idan ginin da ke cikinta daga wannan asalin ya fito.

Ma'abota wannan sana'a sun daɗe da raba wa surorin biyu mazauni. A manhajar FreeBSD, wadda fitowarta ta farko ta kasance a 1993, wadda kuma a kanta ne WhatsApp ya gudanar da manyan na'urorinsa a shekarunsa na farko, ana ajiye asali a ma'ajiyar da ake kira /usr/src, gini kuma ya taru a /usr/obj. Haka ma ƴar'uwarta OpenBSD, wadda Theo de Raadt ya kafa a 1995, take kuma fitar da sabon bugu kowane wata shida. Hikimar rabawar a fili take: asali ya zauna da tsarkinsa ba a cakuɗa shi da tarkacen aiki ba, a iya gina wa na'urori iri daban-daban daga asali guda, kuma in gini ya ɓaci a share shi baki ɗaya ba tare da an yi asarar harafi ɗaya na rubutu ba. Sai dai da zarar abu ɗaya ya zama yana da gida biyu, ƙofar saɓani ta buɗe, domin ana iya taɓa ɗaya a manta da ɗayan.

Wannan mantuwa ce ma ta haifi kayan aikin da ake gina manhajoji da shi har yau. A 1976, a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, wani masani ya ɓata safiya guda yana farautar kuskure a cikin manhajar da ya riga ya gyara, ashe ya gyara rubutu ne bai sake gini ba, tsohon ginin yake ta gwadawa. Abokin aikinsa Stuart Feldman, wanda shi ma irin haka ta taɓa cin lokacinsa, ya zauna ya rubuta ƴar manhajar da ake kira make. Ƙa'idarta ɗaya ce, mai sauƙi: ta dubi lokacin da aka taɓa rubutun asali na ƙarshe, ta dubi lokacin da aka yi gininsa, in asali ya fi sabunta ta sake gini, in gini ya fi sabunta ta wuce abinta. Da wannan dabara ne manhaja mai fayil dubu goma ba ta bukatar a sake ta tun daga tushe don an canza layi ɗaya. Amma mai hankali zai lura cewa make ba ta karanta rubutun, ba ta kuma san abin da ke cikinsa ba. Shaidarta guda ce tak, agogon na'ura, kuma hukuncin da ya dogara ga shaida ɗaya ƙarfinsa bai wuce adalcin wannan shaidar ba.

To, a ƙasarmu wannan shaida mai rauni ce ƙwarai. A cikin kowace kwamfuta ta tebur akwai wani ɗan batir fari, mai faɗin kamar dala, wanda babban aikinsa shi ne riƙe agogo idan an kashe wuta. Galibin na'urorin da ke isowa ofisoshin karkara kuwa na hannu ne, sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su hau mota zuwa Damagaram, batirin ya riga ya tsufa, zafin bazara ya ƙarasa shi. Sai a kunna na'ura da safe a tarar ta koma wata shekara da ta shuɗe tun kafin a haifi sakataren da ke zaune gabanta, kuma inda babu intanet babu mai gyara mata lokaci sai wanda ya tuna. A ce ma'aikaci ya gyara wani kuskure a asali a irin wannan safiya: fayil ɗin da ya gyara zai ɗauki tsohon kwanan wata, make ta dube shi ta ga ya girmi gininsa da shekaru, ta yanke hukuncin cewa babu abin sakewa, ta sanar da shi an gama lafiya. Shi ya tafi gida da yaƙinin ya toshe ɓaraka, ɓaraka kuwa tana nan inda take. Ba banza ba littafin jagora na FreeBSD ya daɗe yana gargaɗin a daidaita agogo kafin a girka sabon gini.

Wuta ma tana da nata rabon. Gina babbar manhaja tun daga tushe aikin sa'o'i ne a kan na'ura mai matsakaicin ƙarfi, kuma duk wanda ya zauna a jihar Damagaram ya san sa'o'i nawa ake samu a jere ba a ɗauke ba, balle bayan Yulin 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take turowa na tsawon watanni, balle kuma inda faifan hasken rana da batir ne kaɗai madogara. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta wani fayil na gini, yana iya zama rabi, amma da sabon kwanan wata a goshinsa. A dawo a ci gaba, make ta gan shi sabo, ta lissafa shi cikin kammalallu. Sai kuma hanya ta uku, wadda ta fi yawa, ita kuma daga gaggawar ɗan Adam take: a yi gini ranar Litinin, ranar Talata a samu layi mai kyau a sauko da sabon asali, ranar Laraba a girka. Abin da ya shiga na'ura ya zama gauraye, zuciyar manhaja daga wani zamani, kayan aikinta daga wani, har a wayi gari umarnin da ke nuna ayyukan da ke gudana ya ƙi amsawa. Shi ya sa a tsarin FreeBSD, idan za a gina a na'ura ɗaya a girka a wasu, sai an kai musu ma'ajiyoyin biyu tare, da fayilolin saiti iri ɗaya, ba a yarda a ɗauki gini a bar asalinsa a baya ba.

Wannan damuwa ba baƙuwa ba ce a wurin mutanen da suka gaji karatun Barno, kamar jama'ar Kutus da Muniyo da Mangari. Alaramman da ya zauna rubuta Alƙur'ani a warwatsattsun ganyaye, waɗanda ba a ɗinke su sai dai a tara a gafaka, yakan sa kalmar farko ta ganye mai zuwa a ƙasan wanda ya gama, don kada tsari ya rikice. Gardi kuma, komai ƙarfin haddarsa, ba ya wanke allonsa sai ya kai shi darasu an bi shi harafi harafi, an ja layi inda ya tauye ko ya ƙara. Malaman Hadisi sun mai da wannan ɗabi'a ilmi mai ƙa'idoji, suka kira ta muƙabala, wato a ɗauki kwafi a gwama shi da asalin da aka kwafo shi daga gare shi, ɗaya na karantawa ɗaya na bi da ido. Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da azumi, wanda ya rasu a 544 bayan Hijira, ya tsananta a kan haka a littafinsa Al-Ilma'u, har ya tafi a kan cewa bai halatta a yi riwaya daga littafin da ba a yi masa muƙabala ba. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643, ya tattara hukunce-hukuncen abin a Muƙaddimarsa.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne sun ƙi dogara ga tunawar mutum, suka sa aikin ya bar alama a jikin takarda. Marubuci yakan zana ɗan da'ira tsakanin hadisi da hadisi. Haɗibul Bagdadi ya so a bar cikinta fayau har sai an yi muƙabala, sannan a ɗiga mata ɗigo a tsakiya, ta yadda duk wanda littafin ya faɗa hannunsa bayan shekara ɗari zai san inda aka duba da inda ba a duba ba. A gefen shafi kuma sukan rubuta cewa muƙabala ta kai nan, don in an tashi majalisi a san inda za a ɗora gobe. Ƙololuwar wannan himma ita ce aikin Sharafuddinil Yunini a Dimashƙa cikin ƙarni na bakwai na Hijira, wanda ya tara ingantattun kwafe-kwafen Sahihul Buhari, ya yi musu muƙabala a majalisai 71 a gaban Ibnu Malik mai Alfiyya, ya ba kowace riwaya harafinta na alama. A kan wannan aiki ne aka dogara wajen bugun Bulaƙ na Masar a ƙarshen ƙarni na 19, wanda bugu masu yawa na yau suka sha daga gare shi. Masu gina manhaja sun iso wannan matsaya ta tasu hanyar. Tun da Linus Torvalds ya rubuta Git, kayan aikin adana asali, a 2005, wanda FreeBSD ma ta koma kansa a ƙarshen 2020, kowane hali na asali yana da lambarsa ta haruffa 40 wadda ba ta zama ta wani hali dabam. Zuciyar manhaja tana ɗauke da guntun wannan lamba a jikinta, in an tambaye ta ta faɗa, kuma idan an gina ta daga asalin da aka taɓa ba a rubuta taɓawar ba, sai ta liƙa wata kalma a ƙarshen lambar mai tona asirin haka.

Sai dai kamancen yana da iyaka, kuma a iyakar ne wahalar take. Alaramma yana iya aza ganye kusa da ganye ya gwama da ido, domin kwafi da asali harshensu ɗaya. Gini da asali kuwa ba a iya gwama su haka. Hanya ɗaya ce ta rage, a sake gini daga asalin a wani wuri dabam, a hannun wani mutum dabam, a ga ko abin da ya fito ya yi daidai da na farko.

Duk abin da na ambata a baya sahu ne da kuskure. Akwai kuma ganganci, wanda ke shiga ta wannan ƙofa ɗin dai. Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya Bajamushe mai aiki da Microsoft, Andres Freund, ya sanar da duniya cewa ya ga shiga wata na'urarsa ta nesa yana jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tarar an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, ƴar manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta, da sunan aro na Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana hidima har aka amince masa da fitar da bugu. Ya ɓoye dafin a cikin fayilolin gwaji, mabuɗin da ke tayar da shi kuwa bai sa shi a ma'ajiyar asali da kowa ke dubawa ba, sai a cikin ƙunshin bugu na 5.6.0 da 5.6.1 da ake rarraba wa masu gini. Masu duba asali suna duban abu ɗaya, masu gini suna gina wani. Kafin wannan, a Disambar 2020, an gano cewa ɓarayi sun shiga na'urar gini ta kamfanin SolarWinds, suka zaunar da wata manhaja da ke jira sai an fara gini ta musanya fayil ɗaya na asali da nata, in an gama ta mayar da na gaskiya wurinsa. Ginin ya fita da hatimin kamfani, abokan ciniki kusan 18,000 suka sauke shi, har da ma'aikatun kuɗi da na kasuwanci na Amurka. Hatimin na gaskiya ne, ya kuma tabbatar da cewa daga gidan abin ya fito. Bai taɓa tabbatar da cewa daga asalin ya fito ba.

Maganin da masana suka tsayar shi ne gini mai maimaituwa, wanda jama'ar Debian, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, suka ɗauka da gaske tun 2013: a tsara aiki yadda duk wanda ya ɗauki asali ɗaya da kayan aiki ɗaya zai fitar da gini ɗaya, daidai wa daida har ƙwayar lamba ta ƙarshe. Abin ya yi wuya da farko, domin manhajoji sun saba cusa kwanan watan gini da sunan na'ura da sunan ma'ajiya a cikin abin da suke fitarwa. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cirewa, a 2015 aka yi ittifaƙi a kan a riƙa ɗaukar lokaci daga asalin kansa maimakon agogon mai gini, har ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na dubban manhajojin Debian suna maimaituwa. Gwamawar kuma ba ta bukatar a aika manyan fayiloli, don kowane gini ana iya fitar masa da lambar tantancewa ta haruffa 64, wadda harafi ɗaya in ya canza a cikin ginin sai ta juye gaba ɗaya. Lamba ce da za ta shiga saƙon waya guda, a karanta ta daga Yamai a bi ta da ido a Kelle.

A kwanakin nan da kalmar ƴancin kai ta cika bakin kowa, ana yawan cewa mu rungumi manhajojin da asalinsu ke buɗe don mu kuɓuta daga kamfanonin waje, kuma ina tare da masu wannan ra'ayi. Amma ɗan kwangilar da ya girka manhaja a ofisoshi, ya miƙa wa hukuma filash a cikin ambulan ya ce ga asali nan, bai ba ta komai ba tukuna face da'awa, kuma da'awa tana bukatar hujja. Wataƙila asalin na bara ne. Wataƙila yaronsa ya yi wani gyara da daddare a kan na'urarsa bai mayar da shi ma'ajiya ba, ba da mugun nufi ba, don kawai a samu a kai aiki kan lokaci. Ranar da kwangila ta ƙare, kamfani ya naɗe tabarmarsa, aka kira wani ya gyara ɗan kuskure, sai ya gina daga filash ɗin ya ga abin da ya fito bai san rajistar da ke cikin na'ura ba. A nan ne hukuma za ta gane cewa shekara da shekaru haya take yi a gidan da ta zaci ta saya.

Na san za a ce share ma'ajiyar gini a sake tun daga tushe ɓarnar wuta ce da lokaci a ƙasar da ba ta da yalwar ko ɗaya. Gaskiya ne, kuma ban ce a yi haka kullum ba. Mai gwaji a teburinsa ya ci gaba da gini a kan gini, akwai ma dabarun ajiye abin da aka riga aka juya waɗanda ke duban abin da ke cikin fayil maimakon kwanan watansa. Amma bugun da za a ɗora a mota a kai garuruwa, wannan wajibi ne ya fito daga ma'ajiya wankakkiya, daga asali mai lamba sananniya wanda ba a taɓa ba tun fara gini har gama girkawa, a kan na'ura mai daidaitaccen agogo da batirin da zai riƙe ta in wuta ta ɗauke. Za a kuma ce garin da ke fama da ruwan sha da hanya ina ruwansa da wannan fiƙihu. Ai nisan nan shi ne hujjata. A Yamai in manhaja ta rikice, mai gyara yana bayan ƴan mintuna a kan babur. A Kelle sai an jira wanda zai taso daga Damagaram ya biyo ta Gure, kuma kafin ya iso, yaron da ke neman takardar haihuwa don a rubuta shi jarrabawar BEPC ya ga an rufe rajista.

Saboda haka abin da nake roƙo a rubuta cikin kowace kwangilar manhaja ta hukuma bai fi sakin layi ɗaya ba: mai kawo aiki ya ajiye asali a ma'ajiyar da hukuma ke riƙe da mabuɗinta, ya rubuta lambar halin asalin da ya gina daga gare shi da sunayen kayan ginin, sannan wasu hannuwa biyu da ba su ci kuɗinsa ba su sake ginin kowanne a wurinsa. Muna da Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, muna da Jami'ar André Salifou a Damagaram, kuma ɗaliban kwamfuta da ke cikinsu za su fi ƙaruwa da irin wannan aiki na haƙiƙa fiye da darasin allo. In lambobin tantancewa na gininsa da na waɗannan biyun, su uku, sun dace, a buga lambar a takarda, a manna ta a bangon ofishin da na'urar za ta zauna, a koya wa sakatare umarni ɗaya da zai buga ya gwama. In sun saɓa, a riƙe kason ƙarshe na kuɗin kwangila har sai ɗan kwangila ya nuna inda saɓanin ya shigo.